Tiredin da Ya Ƙi Shiga

A watan Agusta na 2019 gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, shinkafar waje ta daina kwararowa yadda ta saba, sai masu injinan casa suka farka. Duk wanda ya bi titin Zariya daga Kano zuwa Kura a ƙarshen shekarar ya gani da idonsa: buhunan shanshera jibge a bakin hanya, sababbin rumfunan kwano, hayaƙi ko ta ina. Mu kuma da muke da ɗan wurin ƙere-ƙeren ƙarfe a Sharaɗa, aiki ya zo mana har ya nemi ya fi ƙarfinmu. Kowa so yake a haɗa masa tukunyar tururi da tankin jiƙa da uwar bututu, wadda ke karɓar tururi ta raba shi ga tankuna. A jikin kowace uwar bututu akwai bakuna, kowane baki da tiredinsa, haƙoran nan da ake yankawa a ciki domin a murɗa bawul ko guntun fayif ya zauna daram.

Ni ne mai zane a wurin. Abin da na zana a kwamfuta shi ake bugawa a takarda a kai wa Baba, dattijon da ke kan injin yankan ƙarfe, wanda ya koyi sana'arsa tun masana'antun Bompai na da ransu. Baba ba ya taɓa kwamfuta, ba ya kuma yanka ƙarfe da ka. Takarda yake bi, ya aza ta a gefen inji ya danne da sifana don kada iska ta ɗauke.

Manhajar da muke zane da ita Inventor ce, kuma tana da wani sashe, iLogic, inda mutum zai rubuta umarni da harshen VB.NET ya bar manhaja ta riƙa yi masa aikin da ke maimaita kansa. Wani injiniya da ya riga ni a wurin ya rubuta mana irin wannan sikirif ɗin. Ya yi shekaru a Fatakwal yana aiki da kamfanonin da ke yi wa masu haƙar mai hidima, ya dawo gida ya ɗan zauna da mu, sannan aiki ya sake kiransa kudu. Abin da ya bar mana ya yi daɗin aiki ƙwarai. Ka buɗe samfurin uwar bututu, ɗan akwati ya fito, ka zaɓi girman baki, rabin inci ko inci ɗaya ko biyu, ka zaɓi irin tiredi, BSP ko NPT, ka danna. Nan take faɗin rami da zurfinsa da sunan tiredi su canza, zanen takarda ya bi. Aikin wuni ya koma na minti goma, ni kuwa ban taɓa buɗe cikinsa na duba ba, don ba a ɗauke ni aikin haka ba kuma bai taɓa ba ni dalili ba.

Ranar da waya ta zo daga wajen Kura, maigidanmu Alhaji ne ya ɗauka, muna jin muryar mai kiran daga inda muke zaune. Uwar bututun da muka kai masa ta ƙi karɓar kayansa. Alhaji ya ce in hau babur in je in gani.

Na tarar da filamba tsugune a gaban uwar bututun, gumi ya jiƙa masa riga. Ya ɗauki guntun fayif mai inci ɗaya ya sa a baki, ya murɗa da hannu. Ya shiga lafiya zagaye biyu, a na uku ya fara nauyi, daga nan ya cije. Ya zare ya nuna min: kan haƙoran farko ya yi sheƙi, an goge shi, ƙarfe ya ci ƙarfe. A baki na gaba sun riga sun yi abin da aka saba yi, sun naɗa farin tef mai kauri, sun sa babban renci har da ƙarin fayif a hannunsa suka danna da ƙarfin mutum biyu. Da aka saki tururi sai ga shi yana fita ta gefen tiredin, siriri, da ƙara kamar ta usur. Yaron da ke kula da wutar tukunya ya nuna min damtsensa inda ya taɓa shi. Fatar ta tashi, an shafa masa wani abu fari. Allah ya taƙaita, a hannu ne ba a fuska ba.

Mai injin casar ya ce, "Malam, shanshera tana jiƙe a tanki tun jiya. In ta yi tsami wa zai biya ni?" Ba ni da amsa. Na roƙe shi guntun fayif ɗin da bawul ɗaya, na ɗaure a bayan babur na komo.

Baba bai yi magana ba da na ajiye su a gabansa. Ya buɗe akwatinsa ya ɗauko gejin tiredi, ƴan siraran ƙarafa masu haƙora da ke naɗe a maƙalli ɗaya, ya riƙa gwadawa ɗaya bayan ɗaya yana ɗaga fayif ɗin ga hasken ƙofa. Wanda aka rubuta wa 11 ya zauna, ko haske bai ratsa ba. Ya ɗauko ragowar bakin da ya yanka daga aikin, ya gwada. Wannan kuma 11 da rabi ya ɗauka.

"Ɗana, kayansa na Ingila ne. Ni kuma na Amurka na yanka masa, don shi takardarka ta ce."

Duk rikicin a nan yake. Tiredin fayif iri biyu ne suka cika duniya. Na Ingila, BSP, ya samo asali daga ma'aunin da Joseph Whitworth ya fitar a 1841: kusurwar haƙorinsa digiri 55 ce, kansa da gindinsa a zagaye. Na Amurka, NPT, ya bi siffar da William Sellers ya gabatar a Filadelfiya a 1864: digiri 60, kan haƙori a daƙile. Mu nan kayan ruwa mun gaje su daga Turawan Ingila, shi ya sa abin da filamba zai saya a kasuwa yawanci BSP ne, haka ma kayan injinan casa da ke zuwa daga Indiya. Amma harkar mai ma'aunin Amurka take bi. A inci ɗaya, BSP na da haƙora 11 a tsawon kowane inci, NPT na da 11 da rabi. In ka mayar da shi milimita, tazarar haƙori ɗaya 2.309 ce a wancan, 2.209 a wannan. Bambancin kashi ɗaya cikin goma na milimita ne a kowane zagaye. Ido ba ya ganinsa. Amma zagaye biyar ya tara rabin milimita, kuma ƙarfe ba ya lanƙwasa don ya yi maka alfarma.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne mun daɗe muna fitar da aiki da wannan sikirif ba wanda ya dawo da kaya. Baba ne ya warware min. Kafin harkar shinkafa ta buɗe, aikinmu kusan duk na ruwa ne, bakunan rabin inci da na uku bisa huɗu. A waɗannan girma biyu kaɗai BSP da NPT suka yi daidai a yawan haƙori, 14 kowanne. Kusurwa ta bambanta, kauri ma ya ɗan bambanta, amma suna shiga juna, tef ya toshe ragowar, ruwan tanki kuma ba shi da matsin da zai tona asiri. A kwata inci kuwa 19 ne da 18, a inci ɗaya zuwa biyu 11 ne da 11 da rabi. Ranar da muka tsallaka zuwa inci ɗaya, kuma tururi ya maye gurbin ruwa, ranar abin ya fito fili.

Alhaji ya sauko daga ofis ransa a ɓace, takardar oda a hannunsa. A jikinta an rubuta BSP ɓaro-ɓaro. Ya fara faɗa wa Baba magana, cewa shekaru sun fara taɓa idonsa. Ban ji daɗin wannan ba, har yau ma in na tuna ba na jin daɗi. Baba ya ɗaga sifana ya zaro takardar zanen, duk ta yi baƙin mai, ya miƙa masa, ya ɗora yatsa a kan ɗan rubutun da kibiya ke nunawa a bakin ramin. NPT ne a wurin, inci ɗaya, 11 da rabi. Ni kuma na duba ƙasan takardar, a akwatin bayanin kaya, na ga BSP. Takarda ɗaya, magana biyu. Mai yankan ƙarfe kuwa rubutun bakin rami yake karantawa, haka aka koya masa, haka kuma ya dace.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba daga Baba ba ne. Daga kwamfuta ne. A ba ni lokaci in gano."

A lokacin akwai wata ƴar bautar ƙasa da aka turo mana daga Bauchi, ta karanci kimiyyar kwamfuta, amma aka zaunar da ita tana rubuta rasit. Na roƙi Alhaji ya ba ni aron ta. Ita ta san harshen sikirif, ni na san fayif, sai muka ja kujeru biyu gaban allo ɗaya.

Da farko mun yi abin da kowa zai yi. Muka zaɓi BSP muka danna, muka zaɓi NPT muka danna, muna kallon samfurin. Babu abin da ya motsa da ido zai kama. Dalili kuwa, manhajar ba ta yanka haƙoran gaske a jikin samfuri. Hoton tiredi kawai take shimfiɗawa a bangon ramin don kada fayil ya yi nauyi, ainihin bayanin yana ajiye a cikin sifar ramin. Sai ka buɗe ramin ka karanta. Da muka buɗe, ko me muka zaɓa a akwatin, ramin yana nan a NPT. Girma yana canzawa, irin tiredi ba ya canzawa. Akwatin bayanin kaya kuwa abin da ka zaɓa yake kwafewa kai tsaye, ba ya tambayar ramin ko ya karɓa.

Na fara zargin teburin tiredi. Manhajar tana karanta duk ma'aunanta daga wani fayil na Excel, kowane irin tiredi da shafinsa, kuma kwamfutocinmu biyu kowace da nata kwafin. Muka jera su muka bi layi-layi har la'asar ta yi. Lafiyarsu ƙalau. Sai ta ce, "Malam, mu bar tebur, mu karanta abin da mutumin ya rubuta."

Sikirif ɗin ba shi da tsawo, kuma an rubuta shi da tsabta, da bayani a gefen kowane sashe. Tana saukowa da yatsa a kan allo sai ta tsaya. Wurin da ake sa tiredi an kewaye shi da kalmomi biyu, Try a sama, Catch a ƙasa. Ta bayyana min: na farko yana nufin a gwada wannan aiki, na biyu kuma nan ake rubuta abin da za a yi in aikin ya ƙi. A ƙarƙashin Catch ɗin babu komai. Layi ne fanko. Ma'ana in manhaja ta ƙi umarnin, a yi shiru a wuce gaba. Tamkar ka aiki yaro da saƙo, ya tarar da ƙofa a rufe, ya dawo ya zauna bai ce maka uffan ba, kai kuma kana ta lissafin saƙo ya isa.

Ta sa layi ɗaya a wurin, wanda zai fito da saƙon kuskure a allo. Muka zaɓi BSP muka danna. Nan da nan akwati ya fito yana cewa ba a samu wannan tiredi ba. Na jingina da kujera. Watanni nawa manhajar ta yi tana faɗar wannan maganar ana toshe mata baki, ban sani ba, amma kowace uwar bututu da aka yi odarta a BSP ta bi ta wannan layin.

Daga nan aikin ya koma na haƙuri, don ba matsala ɗaya ce a ɓoye a wurin ba. Sikirif ɗin yana canza irin tiredi da farko, sannan ya canza sunan girma a layi na gaba. To a tsakanin layukan biyu ramin yana ɗauke da iri na Ingila da sunan girma na Amurka, haɗin da babu shi a kowane shafi na tebur, sai manhaja ta ƙi tun a matakin farko. Akwai umarni ɗaya, SetThread, da ke sa iri da suna da aji a lokaci guda, shi muka koma amfani da shi. Sai kuma rubutun sunan: dole ya zo daidai da yadda yake a tebur, harafi da harafi, har da gurbin da ke tsakanin lambobi. Sikirif ɗin yana harhaɗa sunan da kansa, kuma a na BSP gurbi ɗaya ya ɓace. Muka daina harhaɗawa, muka kwafo sunayen daga teburin yadda suke.

Wanda ya fi cin lokacinmu shi ne na uku, kuma shi ya fi koya min sana'ata. Mun gyara waɗancan biyu, amma ramin ya ci gaba da ƙi. Na fita na sami Baba yana alwala, na faɗa masa inda muka tsaya. Ya ce, "Wane BSP ɗin kuke nema? Miƙaƙƙe ko mai tsukewa?" NPT kullum mai tsukewa ne, yana raguwa ɗaya cikin 16 a kauri, haƙoran da kansu ke matsewa su toshe. BSP kuwa gida biyu ne. Akwai miƙaƙƙe mai alamar G, na ma'aunin ISO 228, wanda ba tiredinsa ke riƙe ruwa ba, washa ko roba ce ke riƙewa a fuskar baki. Akwai mai tsukewa na ISO 7, R a waje, Rc a ciki, da tsukewa iri ɗaya da ta NPT. Sikirif ɗin in ka ce BSP, shafin G yake nema. Ramin da ke cikin samfurin kuwa an gina shi tun farko a matsayin rami mai tsukewa, kuma a manhajar wannan wani nau'in rami ne dabam da miƙaƙƙe. Ba zai karɓi G ba ko sau nawa ka aika. Ko da ma ya karɓa, ba shi mai injin casar ke buƙata ba, don guntayen fayif ɗinsa masu tsukewa ne, Rc ya kamata mu yanka masa.

Maganin da muka yi ba shi da ado. Muka gina ramuka biyu a kowane baki, ɗaya miƙaƙƙe ɗaya mai tsukewa, sikirif ya kunna wanda ake so ya kashe ɗayan. Akwatin zaɓi ya koma uku: G, Rc, NPT. Kalmar BSP ita kaɗai muka cire ta, don ba ta isa oda ba.

Saura ƙanana ne, kuma su ba su wahalar da mu ba saboda suna ihu. A sashen inci biyu, wanda ba a taɓa amfani da shi ba, an aika faɗin rami kai tsaye ta ƙofar ciki ta manhajar, inda take lissafi da santimita ko da zanenka a milimita yake. Ramin ya fito ninki goma, ya cinye bakin gaba ɗaya, kowa ya gani ya san da gyara. A wani ɗan teburin girma da sikirif ke karantawa kuma, wani ya ƙara layin 3/8, Excel ya mayar da shi kwanan wata. Muka mayar da layin rubutu zalla. Kuskuren da ke bayyana kansa haka ban taɓa jin tsoronsa ba. Wancan layin fanko shi ne ya ƙona yaro.

Abu na ƙarshe da ta ƙara, ni na roƙa. Bayan sikirif ya gama, ya koma ya tambayi ramin abin da yake ɗauke da shi, ya gwada da abin da aka zaɓa. In sun saɓa, ya tsaya, ya fito da jan gargaɗi, kada ya bari a ci gaba. Akwatin bayanin kaya ma yanzu daga ramin yake karanta tiredi, ba daga zaɓin mai oda ba.

Na kira injiniyan da ya rubuta shi, ba don faɗa ba, don in fahimta. Ya yi salati da na ba shi labarin yaron. Ya ce ya tuna layin sarai. A lokacin yana sabunta zane da yawa a jere kafin a kashe janareta, kowane saƙon kuskure kuma yana tsayar da aikin sai an zo an danna, shi ne ya toshe shi da niyyar ya dawo ya gyara. Gwajin da ya yi duk a NPT ya yi, don shi hannunsa ya saba da shi, ɓangaren BSP kuma ya rubuta shi ne daga littafi. Na yarda da shi, don na san yadda ake aiki da wutar da ake ƙirga wa minti. Amma ban yarda a bar Catch fanko ba ko na dare ɗaya ne, in dai abin da ke fitowa daga ƙarshensa ƙarfe ne da tururi zai bi. In saƙo yana tsayar da aiki, a sa ya rubuta kurakuran a fayil a karanta da safe.

Baba ya yanka sababbin bakuna a Rc, muka je Kura muka yanke tsofaffin muka yi waldar sababbi, Alhaji ya ɗauki kuɗin aikin da na maganin yaron. Shansherar da ke tanki an yi asarar wani sashe nata, mai injin kuma bai sake kawo mana aiki ba. A gaban ma'aikata Alhaji ya ba Baba haƙuri, Baba ya ce ba komai, ya koma kan injinsa.

Inda muka yi ja-in-ja da Alhaji shi ne tsofaffin ayyuka. Na fitar da jerin duk abin da aka yi oda a BSP tun da aka fara amfani da sikirif ɗin. Shi yana ganin na ruwa da ke zaune lafiya a bar su, kada mu tayar da abin da ke kwance. Ni ina ganin aƙalla a sanar da masu su, don ranar da wani zai canza bawul ya san abin da zai saya. Muka tsaya a tsakiya: duk wanda tururi ko iskar kwamfiresa ke bi ta cikinsa muka bi shi har inda yake muka gwada da geji, na ruwa kuma aka kira masu su a waya. Wasu suka ce a zo a canza, da yawa suka ce ba ya yoyo, a bar musu abinsu. Baba kuma ya sa aka sayo ƙarafan buga harafi, duk bakin da ya sauko daga injinsa sai ya buga masa G ko R ko N a gefe da guduma kafin ya wuce wajen walda.